DOKTAN ARO

Shafi na 19

Na karanta sharhinku kaf. Masu cewa Malama Sadiya ta cika haƙuri, na ji ku. Masu yi wa Mista Jethro ruwan zagi kuma ku rage saura, don yau ba shi kaɗai ne zai sha ba. Ku gyara zama.

* * *

"Ban gane ba, sa. Maimaita min."

Sadiya ba ta zauna ba. Tun shigowarta Mista Jethro, shugaban kwalejin, ya nuna mata kujera, ta yi kamar ba ta gani ba.

"Kin gane sarai, Malama," ya ce yana gyara wuyan kwat ɗinsa. "Masu tantance kwasa-kwasai sun iso daga Abuja tun jiya. Yau za su shigo. Za su duba laburare, su ƙirga malamai, su shiga azuzuwa. Sashen kasuwanci ba shi da mai digirin dokta ko guda. Ke ce babba a wurin, ke kuma mastas gare ki."

"To?"

"To mun samo dokta."

"Kun ɗauki sabon malami ke nan?"

"Mun aro."

Ta tsaya tana kallonsa.

"Aro," ta ce a hankali. "Kamar kujerun roba na gidan biki."

"Kowa na yi, Malama. Littattafan da kika ga an cika laburare da su, kin ɗauka daga sama suka faɗo? Ana gama wannan hidimar mai su zai turo mota ya kwashe kayansa."

"Wannan matsalarku ce da mai littattafai. Me ya kawo ajina ciki?"

"Ajinki za su fara shiga. Tushen ilimin gudanarwa shi ne ƙofar kwas ɗin gaba ɗaya. Doktan zai tsaya a gaban allo, a ce shi ke koyar da shi tun farkon samista."

Ita ta fara koyar da darasin nan tun kwalejin tana ɗakuna biyu a saman wani shagon taya a Narayi, allo a jingine kan benci, idan aka yi ruwa sai an matsar da kujeru. Duk wanda ya taɓa fita daga sashen nan ta hannunta ya bi.

"Ni kuma fa? In koma gida?"

"A'a. Ki zauna a bayan aji."

"Cikin ɗalibai."

"Yaran nan ba sa jin maganar kowa sai taki. In suka gan ki a zaune kin yi shiru, su ma za su kama bakinsu."

Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta da alaƙa da jin daɗi.

"Wato ba kore ni kawai za a yi ba. Ni ce ma zan riƙe muku su."

"Kada ki ɗauke shi haka."

"Sa, tun bara nake shigowa ofis ɗin nan. Na ce a ɗauki malamai. Na ce a rage min aiki in je in ƙarasa karatuna. Ka ce in bari sai an samu sarari. Ga fenti an samu sararin yi, ga sabon geti..."

"Yau ba ranar tone-tone ba ce!" Ya buga tebur da tafin hannu, sannan ya sassauta murya. "Bari in faɗa miki abin da ke gabanmu. In suka soke kwas ɗin nan, 'yan ajin ƙarshe babu mai zuwa bautar ƙasa. Takardar da za mu ba su ko mai ƙosai ba za ta karɓa ta naɗe kaya ba. 'Yan aji ɗaya kuma sai su nemi wata makarantar su faro daga tushe. Sai ki je ki kalli idon iyayensu ki ce musu gaskiyarki ce ta jawo."

"Gaskiyata ce ta jawo, ko sakacinku?"

Ya ɗauki wayarsa yana latsawa.

Ta juya har ta kama ƙofa, sai ta tsaya.

"Wane ne doktan?"

Ya ɗago ya yi wani murmushi da bai yi mata daɗi ba.

"Mutum ne da ba za ki samu matsala da shi ba. Yana hanya."

* * *

Ajin a cike yake maƙil. Warin sabon fenti bai gama fita ba, fankokin da suka daɗe a mace yau duk suna juyawa.

Tana shiga surutu ya ɗauke.

Celina ce ta miƙe, shugabar ajin. Ta girmi sauran nesa ba kusa ba. 'Ya'yanta biyu, tana da shagon ɗinki a unguwar Television, da kanta ta yanke shawarar dawowa karatu don ta gaji da yadda shagon ke neman fin ƙarfinta.

"Ma, gaskiya ne?"

"Me aka ce muku?"

"An tara mu da safe. An ce duk wanda aka tambaya ya ce wani dokta ne ke koya mana tun farko. An ce wanda ya yi kuskure shi ya sani."

Daga baya Tony ya ɗaga murya. Shi ne sarkin barkwancin ajin, amma yau babu wasa a fuskarsa.

"Ko sunan mutumin ba a faɗa mana ba, Ma. Ta yaya mutum zai yi ƙarya da sunan da bai sani ba?"

Hayaniya ta tashi. Wannan na cewa shi ba zai faɗa ba, wancan na cewa to in aka rufe kwas ɗin fa, wata a gefe ta ce babanta ba zai sake biya mata wata makarantar ba.

Sadiya ta ajiye jakarta a kan tebur, ta ɗauki makar rubutu.

"Kafin su zo ajin nan nawa ne. Ku buɗe littafi."

Ta rubuta kalmomi biyu a allo da Turanci, ta ja musu layi, sannan ta juyo ta koma Hausa kamar yadda ta saba idan tana so abu ya zauna.

"Iko da alhaki. Celina, an kawo miki leshin amarya. Aiki ya yi miki yawa, kika miƙa wa ɗaya daga cikin 'yan koyonki kika ce ta yanka. Ta yanka ta ɓata. Uwar amarya wa za ta nema?"

"Ni, Ma. Har gida za ta biyo ni."

"Me ya sa? Ai ba ke kika yanka ba."

"Sunana ne a jikin shagon."

"Tony, ka ji? In Celina ta ce wa matar nan ta je ta kama yarinyar, ta yi daidai?"

"Ba ta yi ba, Ma. Ita ta miƙa almakashin."

"Madalla. Shugaba yana iya miƙa wa na ƙasa da shi iko, ya ce je ka yi da sunana. Amma alhakin abin da ya biyo baya ba ya sauka daga wuyansa. Duk hukumar da kuka ga manya sun ci moriyar iko, in rana ta ɓaci kuma su turo ƙanana gaba su ce ku rufe mana..."

Ba ta ƙarasa ba. Kowa a ajin ya gane inda maganar ta nufa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Mista Jethro ne ya fara shigowa, fuska cike da fara'a. A bayansa wani dogon mutum cikin shadda ruwan toka mai aikin hannu a wuya.

Shaddar ta fara gani kafin fuskar.

Ta san ta. Ita ta goge ta da hannunta yau da safe, da dutsen gawayi, don babu wuta a layinsu na Tudun Wada. Mai ita ya ce mata taro zai je Zariya, ta yi masa addu'ar sauka lafiya, har ta bi shi bakin ƙofa da hularsa da ya manta.

"Ɗalibai," in ji Mista Jethro, "ga malaminku, Dokta Zakariyya'u Ɗanladi. Ku riƙe sunan da kyau."

Makar ta faɗi daga hannunta.

Mijinta ne.

Babu ɗalibin da ya san haka. Da sunan mahaifinta take aiki, shi kuma a wata jami'ar gwamnati yake koyarwa, bai taɓa taka ƙafarsa kwalejin nan ba ko da sunan ɗaukarta. Kullum cewa yake wurin bai kai a kira shi makaranta ba.

Bai kalle ta ba. Ɗalibai yake yi wa murmushi.

Ta sunkuya ta ɗauki makar, ta ajiye a tebur.

"Dokta," ta ce, ita kanta ta yi mamakin yadda muryar ta fito sumul. "In nuna maka inda muka tsaya. A waje."

* * *

Sai da suka kai ƙarshen baranda, wajen tankin ruwa, sannan ta juyo.

"Nan ce Zariyar?"

"Ki rage murya."

"Abban Hadiza, tambayarka nake. Nan ce Zariyar?"

Ya waiwaya ya tabbatar babu kowa.

"Da na faɗa miki ba za ki yarda ba."

"Shi ya sa ka zaɓi ka yi min ƙarya, ni kuma ina goge maka rigar da za ka zo ka ture ni da ita."

"Babu wanda ya ture ki. Taimako na zo yi. Jethro ya ce wani zai nema daga waje, na ga gara ni da bare."

"Tun yaushe kuka shirya?"

Ya dubi agogonsa.

"Tun yaushe?"

"Tun farkon damina ya same ni."

Ta dafa tankin. Tun farkon damina. A lokacin ne ya fara wata sabuwar ɗabi'a. Suna cin abinci sai ya ce, yau me kika koyar? Wane misali kika ba su? Ina kuka kai? Mutumin da shekara da shekaru bai taɓa tambayarta ko sunan kwas ɗinta ba. Ita kuma baki har kunne, ta ajiye cokali ta yi ta zuba masa bayani. Har yayarta Binta ta kira a waya ta ce mata Abban Hadiza ya canza.

"Ashe shi ya sa," ta ce. "Na ɗauka Allah ne ya karɓi addu'ata. Ashe lakca nake ba ka a kan tuwo, kana haddacewa."

"Sadiya, kina mayar da ƙaramin abu babba."

"Ƙarami ne? To na ji. Ka shiga ka yi abin da aka kawo ka yi. Suna fita daga getin nan ka fita min daga aji, sauran maganar a gida."

Bai motsa ba. Ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

Ta san wannan shafa kan.

"Akwai saura ke nan."

"Ba na yau kaɗai ba ne."

"Ban ji ba."

"Na ɗauki hutun shekara a jami'armu. Daga yau ni ne shugaban sashen nan."

Da farko ba ta ji komai ba. Sai ƙarar janareta, da wani mai keke napep da ke ta danna ham a titi. Sannan zafin ya taso mata tun daga ciki har fuska.

Shugabancin sashe. Kujerar da take yi wa aiki babu suna. Ita ke tsara jadawalin lakca, ita ke raba kwasa-kwasai, ita ke haɗa jarrabawa, ita ke zama da iyaye idan sun zo da fushi. Kowace shekara Mista Jethro ya ce mata ta ƙara haƙuri, nata ne, sai dai lokaci.

"Ka san an yi min alkawarin kujerar nan."

"Alkawarin baki. Ba za su taɓa ba mai mastas ba, ke ma kin sani."

"Wa ya hana ni zama dokta?"

"Kada ki fara."

"Zan fara! Shekara ɗaya muka samu gurbi ni da kai. Ka ce gida ba zai ɗauki ɗalibai biyu ba, in bari ka gama sai in shiga. Na bari. Da cikin Hadiza na riƙa yawon masana'antun Kakuri cikin rana ina tattara maka bayanan bincikenka, masu gadi suna kora ta. Ka gama. Ka ce in bari in yaye ta. Na yaye. Ka ce in bari ta shiga makaranta. Yau Hadiza ita ke raka ƙaninta makaranta, Abban Hadiza! Sannan ka tsaya a gabana ka ce min mai mastas?"

"Ki saurare ni. Babu abin da zai canza. Za ki ci gaba da koyarwarki yadda kika saba. Ni ba ni da lokacin 'yan aji ɗaya. Suna ne kawai zai hau kan kwas ɗin."

"Ni in yi aiki, kai ka sa suna."

"Abin da na samu ai ke kika samu. Gida ɗaya ne."

"In gida ɗaya ne, me ya sa kullum sunanka ne a sama?"

Fuskarsa ta canza. Lallashin ya ƙare.

"To bari in fito miki a mutum. In kika buɗe baki a gaban mutanen nan, ba Jethro kaɗai za ki kayar ba. Za su rubuta wa jami'armu, aikina ya tafi. Yaran can da kike cewa kina so, takardunsu sun zama banza. Duk a wuyanki."

"A wuyana. Kai da shi kuka ƙulla, amma a wuyana."

"Kuma a matsayina na mijinki, ban yarda ki ce uffan ba. Na faɗa miki."

Ta kalle shi daga sama har ƙasa.

"Yanzu ka tuna kai mijina ne?"

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ga Mista Jethro ya ɓullo da sauri yana haki, gumi ya jiƙa masa kwala.

"Sun shigo! Motarsu na bakin geti! Dokta, aji. Malama, don Allah, don girman Allah."

"Ka san mijina ne," ta ce wa Mista Jethro. Ba tambaya ba ce.

"Shi ya sa na ce ba za a samu matsala ba," ya ce ko kunya babu. "Maganar cikin gida ce. Wa zai tona?"

* * *

Ta shiga ajin a bayansu.

Tana wucewa ta gaban layin farko Celina ta kamo gefen mayafinta.

"Ma, idonki ya yi ja. Me suka yi miki?"

Ta girgiza kai kawai ta wuce. A can ƙarshe, kusa da taga, wata yarinya ta matsa mata. Ta zauna a kan benci, jaka a cinya. Daga nan allon ya yi mata nisa. Ba ta taɓa sanin haka na baya suke ganinsa ba.

Dokta Zakariyya'u ya ɗauki dasta ya goge abin da ta rubuta.

Ya fara.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ya iya. Turancinsa tas, murya a zaune, yana takawa a gaban aji kamar a nan aka haife shi. Ya shiga bayanin cewa ma'aikaci ɗaya shugaba ɗaya ya kamata ya riƙa karɓar umarni a wurinsa.

"Bari in ba ku misali," ya ce. "Akwai wani gidan burodi da na sani a Tudun Wada, na wa da ƙani. Wan ya shigo da safe ya ce a ƙara sukari. Ƙanin ya shigo da rana ya ce a rage. Mai kwaɓa fulawa ya rasa na wa zai bi, sai ya riƙa yin rabin tire da zaƙi, rabi lami..."

Ya dakata yana jiran dariya.

Babu wanda ya yi.

Sun san labarin. Ita ta ba su, ita ta kwashe su a motar haya ta kai su gidan burodin suka yi hira da mai kwaɓa fulawar da kansa. Ko wurin da take dakatawa a ba da labarin bai canza ba.

Sadiya ta damƙe hannun jakarta har yatsunta suka yi zafi.

Ƙofa ta buɗe.

Mutum uku ne, Mista Jethro na binsu yana ta rusunawa. Maza biyu suka tsaya a jikin bango. Ta ukun wata dattijuwa ce cikin atamfa, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali, tabarau a kan hanci. Mista Jethro ya gabatar da ita a matsayin Farfesa Damaris, shugabar tawagar.

Ba ta karɓi kujerar da aka jawo mata ba. Ta saurari lakcar na ɗan lokaci, sannan ta ɗaga hannu.

"Na gode, Dokta. Bari in gaisa da ɗalibai."

Da Turanci take magana, a hankali, kamar mai hira da jikoki. Ta bi tsakanin bencuna ta tsaya a kan Tony.

"Saurayi, wa ke koya muku wannan kwas ɗin?"

Tony ya miƙe. Idonsa a kan takalminsa.

"Dokta... Dokta Zakariyya'u, Ma."

"Tun yaushe?"

"Tun farko, Ma."

Ya zauna da sauri ya kifa kai a kan benci. Sadiya ta ji kamar ita aka mara. Yaron da ko satar amsa bai taɓa yi ba, yau an sa shi ya yi ƙarya a gaban jama'a, tana zaune tana kallo.

Farfesa ta koma gaba, ta tsaya a gaban Celina.

"Ke fa? Na ga kin girmi sauran. Kina aiki?"

"Ina da shagon ɗinki, Ma."

"Abin da ake koya muku a nan ya taɓa yi miki amfani?"

"Sosai, Ma." Muryar Celina ta buɗe. "Da komai ni nake yi, yanka, ɗinki, zuwa kasuwa, faɗa da kwastoma. Yanzu na raba aiki. Kowace yarinya ta san nata, ta san wa za ta tambaya. Har malam... har an zo shagona an duba yadda na tsara, aka gyara min."

"Malaminku ya zo har shagonki?" Farfesa ta juya ta dubi Dokta Zakariyya'u. "Wannan abin a yaba ne. A wace unguwa shagon yake, Dokta?"

"Eh... ɗalibai ne da yawa, Farfesa, wuraren sun yi min yawa a kai."

"Haka ne." Ta dawo kan Celina. "Ke faɗa min. Wa ya zo shagonki?"

Celina ta buɗe baki. Ta rufe.

"Ba ki ji tambayar ba?"

"Na ji, Ma."

"To?"

Mista Jethro ya yi gyaran murya mai ƙarfi. Celina ba ta kalle shi ba. A hankali ta juya kanta baya.

Na kusa da ita ya juya.

Layi na biyu ya juya, na uku ya bi. Tony ya ɗago kai. Cikin ɗan lokaci ajin gaba ɗaya ya ba allo baya, kowa na kallon bencin ƙarshe kusa da taga.

Sadiya ta sunkuyar da kai. Ga yarinyar da ta ce babanta ba zai sake biya ba, a gefenta take zaune. Sadiya ta ce wa ranta ki yi shiru. Don yaran nan, ki haɗiye. Ki bari sai gida.

"Wace ce wancan matar?" in ji Farfesa.

Mista Jethro ya matso da sauri.

"Farfesa, ai ita..."

"Ba kai na tambaya ba." Ko kallonsa ba ta yi ba. "Dokta, ajinka ne tun farkon samista. Wace ce wannan da ɗalibanka duk suka juya suna kallo?"

Sadiya ta ɗago.

Karon farko tun shigowarsa ajin, idonsa ya shiga cikin nata. Ta jira. Ko malama ce a sashen ya ce, ko mataimakiyata ce. Ko da wannan ne, za ta haɗiye.

Ya kawar da kai.

"Ban san ta ba, Farfesa," ya ce. "Ina jin cikin masu maimaita kwas take."

Wani ya ce "Kai!" da ƙarfi. Celina ta dafe baki.

Sadiya ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Jakar ta zame daga cinyarta ta faɗi ƙasa. Duk abin da ta gama faɗa wa ranta ya bi iska. Ba ta yi Turanci ba. Da Hausa maganar ta fito, irin ta cikin gida, ta ratsa ajin daga ƙarshe har gaban allo.

"Abban Hadiza, kalli idona ka maimaita."



Farfesa Damaris ta cire tabarau a hankali. Ta dubi mutumin da ke gaban allo, ta dubi matar da ke tsaye a baya. Da ta buɗe baki ita ma ba Turanci ta yi ba, Hausa ce tsantsa.

"Abban wa kika ce, 'yata?"